Satifiket Uku da Littafin Nenek

Ni ce na lalata wa yarinyar nan hutunta, da hannuna, idona biyu, ba wanda ya ɗora mini wuƙa a wuya. Na faɗi haka tun daga farko don kada wani ya wahalar da kansa yana nema mini uzuri. Ni ma na nema, shekara biyu ke nan, ban samu ba.

Shekararta goma sha huɗu a lokacin. Ita ce 'yar farina, shi ya sa ba a taɓa jin sunanta a bakina ba. "Ke" nake ce mata, in ta ɓata mini rai in ce "ke yarinyar nan". Muna haya a hawa na goma sha ɗaya na wani dogon bene da ke bakin unguwar Kampung Baru, can ƙasar waje, ni da ita da ƙannenta maza biyu. Babansu yana Kano a bakin aikinsa, sai ya sami hutu yake leƙo mu. Ni kuma ina fama da digiri na uku da tallafin gwamnati, saura shekara ɗaya da 'yan watanni a ce mini Malama tattara ki koma inda kika fito.

Komawar nan ita ta hana ni sakat. Ba ƙin gida nake ba, Allah ya sani. Amma ni digirin shekara huɗu sai da na shekara shida ina yinsa, yau yajin aiki, gobe an rufe makaranta, na shiga ina budurwa na fito da goyo. Na rantse 'yata ba za ta bi ta nan ba. So nake ta shiga irin manyan jami'o'in nan na waje da suke tankaɗe da rairaya kafin su ɗauki yaro, in sun ɗauke shi kuma su ɗauke masa komai. Kanta yana ja. Ba a bakina ya kamata a ji wannan ba, amma yanzu na daina jin kunyar faɗa.

A ƙarshen zangon karatu makarantarsu ta kira iyaye taro. Makarantar 'ya'yan baƙi ce, ba ta masu hannu da shuni ba, amma tana bin kalandar Turawa, ana ba da dogon hutu daga Yuli zuwa ƙarshen Agusta, mako bakwai. Akwai wata malama Ba'indiya 'yar ƙasar, mai sanyin murya, ita ke ba yara shawara kan neman jami'a. Ta ce mana maki shi kaɗai ba ya shigar da yaro waɗancan wuraren, don duk wanda ya nema makinsa a sama yake. Ta ce so suke su ga me yaro yake yi da lokacinsa in an sake shi, musamman a dogon hutu, kuma daga shekarun 'ya'yanmu ake farawa. Ta yi bayani mai tsawo, na tabbata ta faɗi abubuwa masu amfani. Ni abu ɗaya kunnena ya ɗauka, wato za a nemi shaida. To ni ma'aikaciyar gwamnatin Najeriya ce. A wurinmu abin da ba shi da takarda mai hatimi bai faru ba. Ko kana tsaye a gaban mutum da ranka, sai ka kawo takardar da ta nuna an haife ka.

Alhali yarinyar tana da abin da take yi, ni ce ban ɗauke shi a bakin komai ba.

In ka tsallaka titin gaban benenmu ka shiga lungu na biyu, akwai wani tsohon gidan katako a kan dirkoki. A gindinsa wata tsohuwa take kafa tebur kowace safiya tana sayar da nasi lemak, shinkafar nan da ake dafawa da madarar kwakwa a ƙunshe a ganyen ayaba, da 'yan kayan ƙwalama masu launi-launi da suke kira kuih. Duk unguwar Nenek ake ce mata, wato kaka. Ni na fara aiken yarinyar wurinta ta sayo mana karin kumallo ranar da na makara. Daga aike sai gaisuwa, daga gaisuwa sai zama, don Malayanci ya zauna a bakin yarinyar fiye da Hausa, abin da har yau yake ci mini rai.

Nenek tana da wani littafin girke-girke da ta gada wurin mahaifiyarta, rubutun hannu ne da baƙaƙen Larabci, irin ajaminmu, su suna ce masa Jawi. Tawadar ta koɗe, ita kuma yanar ido ta hana ta ganin rubutun. Jikokinta sun ce ba sa gane hannun mutanen da. Sai ga 'yar Kano da ta fara Islamiyya tun tana shekara huɗu, ta ɗauki littafin tana haɗa baƙi har ta fara fitar da kalma. Suka shirya: kowace Asabar in an tashi daga ciniki, yarinyar ta karanto, Nenek ta gyara mata ta yi bayani, ita kuma ta kwafe da boko a wani littafin rubutu mai koren bango. Aikin ba ya yiwuwa sai da tsohuwar a zaune, don awon ciki ba na kofi da cokali ba ne. Sai ka ga an rubuta "kwano mai tsagaggen baki, cike biyu", ko "gishiri irin na ranar Juma'a". Ita kaɗai ta san wane kwano ake nufi.

Yarinyar nan a gida sai ka ƙirga maganarta ta yini da yatsun hannu. Amma ranar Asabar in ta dawo, tana ƙamshin kwakwa da hayaƙi, sai ta tsaya a ƙofar ɗakina bakinta ya ƙi rufuwa, rabi Hausa rabi Turanci. "Umma, kin san me ya sa gishirin Juma'a ya fi yawa? Ranar babbar tukunya ake ɗorawa, duk wanda ya fito daga masallaci ba shi da abin saye a zuba masa." Ni kuwa idona a kan kwamfuta, ina "uhm, uhm", ina gyaran babin da malamina ya dawo mini da shi duk ja. Kaico. Da na san Asabar ɗin nan ƙididdigaggu ne da na rufe kwamfutar.

Ana saura mako guda a ba da hutu ta same ni a kicin. Ta ce, "Umma, ɗan Nenek zai zo ya tafi da ita garinsu can arewa ƙarshen Agusta. Ya ce ba za ta ƙara zama ita kaɗai ba saboda idon. Da littafin za ta tafi, kuma kashi ɗaya cikin uku kawai muka yi. In ina zuwa kullum da safe a hutun nan, za mu gama." Na ce mu gani. Ta tafi tana murna, don ta san in zan hana abu nan take nake hanawa.

Kwana biyu bayan haka hoton ya fito. Muna da guruf a waya, mu matan Najeriya da ke garin, inda ake cigiyar daddawa da kuka, a sanar da suna da ta'aziyya. Wata baiwar Allah, ba zan ce ko wace ce ba, ta bi ta lungun da safe ta ɗauki hoton yarinyar tana tsaye a bayan teburin Nenek, tana miƙa wa wani mai babur ƙunshin shinkafa. Ta saka a guruf, ta rubuta a ƙasa: "Ma sha Allah, 'yar Dakta an kama sana'a." Daktan ma ban zama ba tukuna, don dai abin ya fi zafi ne. Ga 'yan fuskokin dariya nan sun biyo baya reras.

Wallahi sai da na ji jiri. Su ba su sani ba, amma ni na yi talla. Daga shekara bakwai har na gama firamare, kowace safiya da farantin ƙosai a kaina kafin in tafi makaranta. In zo a makare ina warin mai, a zane ni a bakin ƙofa, 'yan aji suna "ga mai ƙosai nan". Akwai malamin da ya taɓa cewa in matsa can ina ɓata masa littafi da maiƙo. Duk karatun da na yi a duniya, gudun wannan farantin nake. Na tsallako teku, na kawo 'yata ƙasar da jirgin ƙasa yake tafiya babu direba, sannan a ce ga ta can a bayan tebur tana miƙa shinkafa? Ina!

Kafin in gama huci sai ga kiran wata babbar yayarmu a garin, Anti muke ce mata. Ɗanta ya sami irin gurbin da nake mafarki, saboda haka maganarta a wurinmu kamar ta likita take. Ta ce, "Ƙanwata, na ga abin da aka saka. Kada ki biye musu, amma ki yi wa kanki faɗa. Yarinya mai ƙwaƙwalwa irin wannan ki bar ta tana goge ganyen ayaba?" Na ce ai wani littafi suke kwafa. Ta yi dariya. "Littafin girki? To madalla. Tsohuwar tana da hatimi? In an ce kawo shaida, ganyen za ki miƙa musu?"

Kafin la'asar ta turo mini jerin abubuwan da ake sa yara a hutu, na zaɓi uku. Mako uku na koyon haɗa 'yan na'urori masu tafiya da kansu a wani bene a unguwar Brickfields, mako biyu na muhawara inda yara suke sa kwat su zauna kamar wakilan ƙasashe, sai mako biyu na aikin sa kai a bakin tafkin Titiwangsa. Kowanne da satifiket a ƙarshe, sai da na tambaya sau biyu na tabbatar. Na jera su yadda babu ranar da ta rage fanko, har Asabar da Lahadi na cusa musu darasin lissafi. Ba kuskure na yi ba, da gangan ne.

Da ta dawo daga makaranta na nuna mata hoton. Ta kalla, ta ce, "Umma, ba talla nake ba. Hannun Nenek ne yake rawa, mutane sun yi layi, sai na taya ta."

Na ce, "Haka ake farawa. Ni za ki gaya wa talla?"

Na miƙa mata takardar da na tsara. Ta karanta a tsaye, da jakarta a baya. Ta kai ƙarshe ta koma farko, tana neman gurbi.

"Umma, babu ko rana ɗaya."

"Babu."

"To ko bayan sallar asuba, awa ɗaya kawai, in dawo kafin mu fita. Wallahi ba zan makara ba."

Yarinyar da ba ta taɓa musu da ni ba, yau ga ta tana roƙo. Maimakon in gane girman abin a wurinta, sai raina ya ƙara ɓaci. Na ce, "Ke yarinyar nan, wai kakarki ce? Taki kakar tana Kano, in an ba ki waya ko gaisuwar kirki ba kya iya yi mata da Hausa, sai in'ina. Amma kin samo wata a bakin titi kin liƙe mata."

Na ga maganar ta shige ta. Ta sunkuyar da kai, sannan ta ce, "To, Umma." Ta wuce ɗaki. Ni kuwa har da jin na yi tarbiyya.

Asabar ta farko da ba ta je ba, mai gadin benenmu ya kira ni da hantsi ya ce ina da baƙuwa a ƙasa. Na sauko na tarar da Nenek zaune a kan benci, da sandarta, da robar kuih a cinya. Tsohuwar da ba ta gani sosai, ta tsallako wannan titin mai motoci ita kaɗai. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai kafaɗata ba. Ta kama hannuna da hannu biyu, ta yi magana a hankali yadda zan gane, don Malayancina na kasuwa ne. Ta ce ta ji yarinya tana da karatun hutu, karatu kuwa shi ne gaba. Ba ta zo ta hana ba, ta zo roƙon ko sau ɗaya a mako ne, don littafin nan duk duniya babu mai karanta mata shi sai 'yata.

An yi mini tarbiyyar da ba na iya kallon tsoho in ce masa a'a. Na iya cutar da shi ta bayan fage, amma a'a a kan idonsa, wannan rashin kunya ne. Sai na durƙusa kamar mutuniyar kirki na ce, "Boleh, Nenek, boleh, ba komai. Za ta zo in sha Allahu." Na karɓi robar na yi godiya, na raka ta har na tsallakar da ita titi. Na hau sama na raba wa yara kuih ɗin, na ce sayowa na yi. Yarinyar ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta kalli yadda aka naɗe ganyen, ta ajiye. Ba ta ci ba.

Haka muka shiga hutun. Hanyar tasha mafi kusa ta lungun Nenek take bi, sai na canza mana, muna zagayawa ta bayan masallaci a cikin wannan zafin mai ɗanko. Na ce ta nan ta fi inuwa. Ƙarya ce, ko bishiya ɗaya babu.

A Brickfields an ba su akwati da guntayen roba da waya, da takardar da ta nuna inda kowanne zai shiga. Mako uku, suka haɗa wata 'yar mota mai bin baƙin layi a ƙasa, ta kowa iri ɗaya. Ranar nuni na je da sabon mayafi, na yi ta ɗaukar hoto ina turawa guruf, don wadda ta saka wancan ta gani ta ƙoshi. A wurin muhawara na aro mata kwat ɗin ɗan Anti, hannun ya rufe mata yatsu. Aka ba ta wakilcin wata ƙasa da ko ni sai da na duba taswira, ta karanta abin da aka rubuta mata, aka tafa. Aikin sa kai kuwa, Allah na tuba, abin dariya ne in da ina da bakin dariya. A raba musu riguna masu rubutu da safar hannu da baƙar leda, alhali masu shara sun share wurin tas tun da sassafe. Yara cike da bakin tafki suna farautar bawon alawa. In ɗaya ya samu, mai hoto ya rugo.

Duk ta yi. Ba ta makara ba, ba ta ɓata fuska ba, malamansu har yabonta suke yi. Sai dai ta daina tsayawa a ƙofar ɗakina. In na ce yaya yau, ta ce lafiya lau. Me aka koya? Abubuwa. Na lura, kada a ce ban lura ba. Na ce wa kaina gajiya ce, in ta shiga jami'ar nan za ta gode mini. Babanta ya tambaye ni a waya ko lafiya muryar yarinyar ta yi sanyi. Na ce masa girma ne ya zo.

A makon ƙarshe ta sake roƙona, sau ɗaya tak. Muna tsaye a jirgi mun riƙe ƙarfe ɗaya, ba ta kalle ni ba. "Umma, mai shagon ƙasan benenmu ya ce ranar Lahadi su Nenek za su tafi. Zan iya zuwa in yi mata sallama?"

Lahadin nan ce ranar raba satifiket na aikin sa kai, ƙarfe goma na safe. Na ce a karɓa tukuna, daga can mu wuce tare, har na ciro atamfa ɗaya daga akwatina zan kai wa tsohuwar. Na ji ni mai adalci. Ta ce ko wani ya karɓar mata. Na ce hoton fa? Wa zai tsaya a hoton?

Babban baƙon da zai miƙa takardun bai iso ba sai sha biyu saura. Aka yi jawabi, aka yi wani jawabin na gode wa mai jawabin farko. Ana kiran yara ɗaya-ɗaya, nata sunan yana can ƙasa. Tana zaune kusa da ni, idonta a kan agogon bango. Sau biyu ta ce "Umma" a hankali, sau biyu na ce saura kaɗan. Da muka fito aka tsuge da ruwa, irin na garin nan mai tsayar da komai, mota ta ƙi samuwa. Ba mu shiga lungun ba sai bayan la'asar.

An rufe tagogin katakon, an sa kwaɗo a ƙofa, an kifa teburin a jikin dirka. Maƙwabciyar Nenek ta leƙo, ta gane yarinyar nan take. Ta ce tun safe ɗan ya so su kama hanya, tsohuwar ta ce sai an yi azahar, aka yi azahar ta ce a ɗan ƙara, har ɗan ya fara faɗa saboda nisan tafiya. Sannan ta juyo gare ni, ba da faɗa ba, da ma da faɗan ta yi. Ta ce, "Kowace safiya sai ta sa an fito mata da kujera biyu. Ta ce uwar yarinyar ta ce za ta zo."

Yarinyar ta juyo ta kalle ni. Sai a lokacin ta san da alkawarin.

Matar ta shiga ta fito da littafin nan mai koren bango, an ɗaure shi a leda don kada ya jiƙe. Yarinyar ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Ina tsaye da atamfa a hammata, satifiket a hannu, ruwa yana ɗiga daga mayafina. Na so ta yi kuka, na so ta yi mini rashin kunya a tsakiyar lungun nan in ji sauƙi. Ta ce, "Mu tafi, Umma, an bar yara su kaɗai."

Da aka koma makaranta na nemi ganin malamar nan Ba'indiya, na je da yarinyar. Na jera mata satifiket ukun a tebur kamar kayan lefe. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi, ta ce ba laifi. Sannan ta jawo durowa ta nuna mini irinsu cike, na 'yan ajin da suka gabata. Ta ce masu tantance yara a waɗancan jami'o'in sun san waɗannan takardun, sun san iyaye ne suke yin rajistar. Ta juya ga yarinyar ta ce, "Ke fa? Akwai abin da kika yi don kanki, wanda ba wanda ya sa ki?"

"Babu," in ji ta.

A nan ne na yi abin da ya fi na farko muni. Da na yi shiru da na rage wa kaina zunubi. Amma ina, sai na ji bakina yana zuba: ai akwai wata tsohuwa, ai akwai littafin Jawi, ai ita kaɗai ta iya karantawa. Ina faɗa ina murmushi, sai ka ce ni na aike ta. Malamar ta gyara zama, ta cire tabarau, ta ce wannan shi ne abin da take nufi tun a taron farko. Ta tambayi yarinyar ko an gama. Ta ce ba a gama ba. Malamar ta ce me ya hana? Yarinyar ta ce, "Lokaci ne bai samu ba." Ta rufa mini asiri a gaban baƙuwa, kamar yadda na koya mata.

A hanyar gida ban ko jira mun kai tasha ba. Na ce ta ɗauko littafin mu ga yadda za a gyara shi ya shiga fayil, in ya so a nemi lambar ɗan Nenek a ƙarasa ta waya. Ta tsaya cak a bakin titi. Ta ce da Turanci, don in abu ya kai mata wuya Hausa guduwa take yi, "Umma, don Allah ki bar mini wannan. Shi kaɗai." Tun daga ranar ban sake ganin littafin ba, kuma ba ni da fuskar tambaya.

Lambar na nemo ta a ɓoye wurin maƙwabciyar. Sai da na yi wata biyu ina juya ta kafin in kira. Ɗan ya ce jiki ya tsananta tun da suka koma, idon ya rufe gaba ɗaya, hankalin kuma yana tafiya yana dawowa, wani lokaci shi ma ba ta gane shi. Na ce a gaya mata uwar yarinyar nan ta Kampung Baru tana neman gafara. Ya ce zai faɗa, amma kada in sa rai za ta san wa ake nufi. Ban gaya wa yarinyar na kira ba. Me zan ce mata?

Shekara ta zagayo, dogon hutu ya sake matsowa, na ƙarshenmu a ƙasar, don na kare kundina har an fara ɗaure kaya. Anti ta turo sabon jeri, na goge ban buɗe ba. Na sami yarinyar a ɗakinsu da rana tana ninke kayan ƙannenta cikin akwati. Na zauna a bakin gadon, abin da ban saba ba, har ta ɗago tana mamaki. Na ce, "Ke, hutun nan naki ne. Me kike so ki yi?"

"Duk abin da kika zaɓa, Umma."

"A'a, ba ni ba. Ke nake tambaya. Ko mene ne, ko ina ne, zan kai ki."

Ta ajiye rigar da ke hannunta. Ina kallonta tana nema, ta daɗe tana nema. Sannan ta ce, "Wallahi ban sani ba, Umma. Ba abin da nake so."

Na zuba wa fuskarta ido ko gatse take yi mini, ko ramuwa. Da gatsen ne da na gode wa Allah. Da gaske take. Ta ɗauki rigar ta ci gaba da ninkewa.